Shekarar da Aka Rufe Bakin Rijiyarmu

Ni na yi tafinta ranar da mutumin sola, mai sa famfon hasken rana a rijiya, ya zo garinmu, kuma har yau ban gama sanin ko aikin kirki na yi ba. Ba wani ilimi ne ya kai ni ba. Na yi kwalej a Mayahi, jarrabawar ƙarshe ta kayar da ni sau biyu, na tattaro kayana na dawo gona. Amma a ƙauye irin namu na yankin Kanan-Bakashe, duk wanda ya taɓa zama a aji shi ne mai Faransanci, ko da rabinsa ya zube masa a hanya. Mutumin kuwa daga yamma ya fito, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Sai maigari ya aika a kira ni, na zo da laka a ƙafa.

Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai. Ba a janta da hannu sai dole. Sa ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi ta tafiya har wasaki, gugan fata, ya leƙo, a juye, ya dawo. Baba shi ake kira mai rijiya. Ba tasa ba ce, kakansa ne dai ya fara sara wurin, sai kula da ita ta zauna a gidanmu. Kuma tun zamanin kakan nan akwai rabo da kowa ya sani. Daga asuba zuwa hantsi na mutanen gari ne. Daga hantsi zuwa la'asar na Bugaje ne, makiyayan da ke gangarowa daga arewa bayan an cire amfanin gona. Ba a rubuta shi ko'ina ba, ban kuma taɓa jin an karya shi ba. Babban makiyayan nan aminin Baba ne tun suna samari. Kawu muke ce masa, duk da ba mu haɗa jini ba.

Aka zauna gindin gawo, mutumin ya buɗe takarda mai zane-zane ya ce zai fara da bayanin abin da ake kira énergie renouvelable. Na juya kalmar a bakina na rasa inda zan kama ta. Na ce wa jama'a, ƙarfi ne mai sabunta kansa. Maigari ya ce, "Ƙarhin wa?" Na ce a bari ya ƙarasa.

Ya ce gazuwal da esansi, wato man dizal da fetur, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su, abin da aka ƙona ya tafi ke nan, wata rana za a nema a rasa. Amma akwai abubuwan da in ka ɗiba yau gobe suna nan. Ya fara da rana. Ya ce iska ma, ana kafa mata manyan fukafukai ta juya su a samu wuta. Wani tsoho ya ce iskar da ta ɗauke masa jinka bara, in akwai mai iya ɗaure ta ya zo ya gwada. Ya ce ruwa mai gudu, irin na manyan koguna. Muka dubi juna, mu da ba mu da ko ƙorama. Ya ce kashin shanu, in an tara shi a rami aka rufe, yana ba da iskar girki. Nan dattawa suka yi dariya har da tari, suka ce ni na ƙara wannan. Da ya zo kan zafin da ke can cikin ƙasa, liman ya gyara zama ya yi a'uziyya, ni ma ban ja zancen ba.

Baba bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Sai da aka lafa ya taɓa ni da sanda.

"Tambaye shi mani. Sa hwa? Shina cin ciyawa, ciyawa tana dawowa kowace damana, saniya ta haihi wani. Shi ba ya cikin masu sabuntawa?"

Na ji kunyar tambayar, amma na faɗa. Mutumin ya sosa ƙeya, sannan ya ce gaskiyar tsohon ne. Rana ke raya ciyawa, ciyawa ke raya sa, saboda haka ƙarfin sa ma daga rana yake.

"To ashe da rana muke ja tun kakanni," in ji Baba. "Mi ya kawo canji?"

Ni kaina a nan na ɓata. Mutumin ya ce sa yana gajiya, famfon rana kuwa ba ya gajiya. Na faɗa da Hausa, na kuma ƙara nawa gishirin don in rufe bakin taro, na ce ba ya gajiya, ba ya ƙarewa. Mata da ke tsaye a baya suka rangaɗa guɗa. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba.

Bayan taro ya ba ni takarda da biro, ya ce in zaga in rubuto masa gidajen gari da dabbobin kowane gida, don da wannan zai san girman famfon da za a sa da girman shato, wato tankin da ruwa ke taruwa a sama. Na yi aikin da zuciya ɗaya. Ban bar ko akuya ba, har jakin makwabcinmu mai ido ɗaya na sa. Tsakiyar damina ce, hatsi ya kai ƙirji, makiyaya suna can arewa kamar kowace shekara. Ya tambayi mutanen gari, na ba shi mutanen gari. Bugaje ba su faɗo mini a rai ba ko kaɗan. Da ma na tuna su, ban san layin da zan sa su ba, don su ba ƴan gari ba ne, ba kuma baƙi ba ne.

Kafin kaka aka zo da kaya. Aka zura famfo cikin rijiya, aka zuba siminti aka rufe bakinta ruf. Aka kafa fano-fano masu baƙin gilashi suna kallon sama, aka zagaye su da waya, aka ɗaga shato a kan ƙafafun ƙarfe. Robine huɗu, wato kawunan famfo, na mata, tiyo ɗaya zuwa kwamin dabbobi. Baba ya tsaya har aka gama shafe simintin, ya kwance igiyarsa ya naɗe ya kai ɗaki.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ruwan ya fito garau, ba tsinke ba kashin jemage. Inna ta daina kwana da ciwon kafaɗa. Ta je da asuba kamar yadda ta saba, ta murɗa, ta cika bidon, wato jarka, ta dawo kafin a gama lazimi. Duk wanda ya gan ni sai ya sa mini albarka, kai ka ce ni na ƙera rana. Ban san cewa ruwan da take samu da asuba na jiya ne da ya kwana a shato ba. Ba wanda ya sani, don bai taɓa yankewa ba balle a tambaya.

Da aka gama ɗaurin hatsi sai ga Kawu da mutanensa. Suka sauka a gonarmu kamar kullum, dabbobi su ci kara su bar mana taki. Ya zo bakin rijiya a kan raƙuminsa, ya sauka, ya zagaya simintin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Ina kunka kai bakinta?"

Baba ya yi dariya ya murɗa masa tiyo, ruwa ya shiga kwami da gudu. Kawu ya ja rawaninsa ƙasa ya leƙa sosai. Ya ce Allah mai iko, yau tsufa ya samu hutu. Suka koma inuwa suka dafa shayi. Dabbobi suka sha daga hantsi har la'asar, shanu da raƙuma da tumaki, garke na bin garke, ba wanda ya ɗaga igiya.

Washegari Inna ta dawo da bidon a hannu tana kaɗa shi. Ba ta je wurin Baba ba, ni ta nufo.

"Kai, mai Turanci. Abin naka da ba ya ƙarewa ya ƙare."

Na ce ba zai yiwu ba. Na sa takalmi na ruga. Mata jingim a tsaye, robine na huci ba ko ɗigo. Na hau tsanin shato na buga shi, ya amsa kamar ganga. Na shiga cikin waya na goge fano da rigata. Na kara kunne a siminti, shiru. Na duba duk abin da ido ke iya gani, ban ga abin da ya lalace ba. Ina nan tsugune, rana ta ɗaga, sai na ji famfo ya yi ɗan gurnani a ƙasa, ruwa ya fara hawa. Daidai lokacin kuma ƙurar garken farko ta bayyana. Mata suka samu ɗan abin da suka samu, suka ja da baya, don hantsi ya yi, lokacin ba nasu ba ne.

Haka aka yi kwana uku. A na huɗu na hau tudun da ake samun rezon waya na kira mutumin. Na ce famfo ya lalace, ba ya aiki da safe. Ya ce lafiyarsa ƙalau, in ba rana ba ya aiki. Na ce to a sa masa batir. Ya ce shato ai shi ne batir ɗin, ruwa ake ajiyewa maimakon wuta. Na ce shato ba komai a cikinsa. Ya ce ba zai yiwu ba, shi ma, ya auna shi da takardata har da rara. Sai ya tambaye ni ko an samu ƙarin mutane. Na gaya masa zancen Bugaje da rabon lokaci.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Na ce ban san abin faɗa ba ne. Wa ke faɗar wannan? Kowa ya san shi. Ya ce shi bai sani ba. Ya ce sai an ƙara fano an sake shato babba, kuma wannan sai an rubuta takarda an jira, ba abin bana ba ne. Na ce amma kai ka ce ba ya ƙarewa. Ya ce rana ce ba ta ƙarewa, gobe ma za ta fito, sai dai abin da fanonku ke iya kamawa a wuni yana da iyaka. Na fahimci kowace kalma da ya faɗa, na sauko daga tudun ban san abin da zan gaya wa Inna ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. A da ruwa yana nan kwance a ƙasa, wanda lokacinsa ya yi ya zo da sansa ko raƙuminsa ya ja. Ko da asuba ko da tsakar rana, duk ɗaya ne a wurin rijiya. Yanzu ruwan ya zaɓi lokacin fitowarsa, kuma ya faɗa cif a kan na makiyaya. Ba wanda ya karya rabo. Kawu yana zuwa a kan lokacinsa, mata suna zuwa a kan nasu, amma gari na kwana da ƙishi. Na yi ta neman mai laifi in huce a kansa, duk inda na juya sai in ga takardata.

Mata suka gaji, suka fara zuwa da rana tsaka cikin dabbobi. Aikin gida ya rikice, tuwo ya koma bayan isha'i, maza suka fara ƙunƙuni. Ran nan wata saniya ta ture wata dattijuwa, ta faɗi a kan bidon ɗinta, hannunta ya goce. Ɗanta ya zo da sanda, wani makiyayi ya ɗaga tasa. Baba ne ya shiga tsakaninsu da tsufansa, yana haki. Kawu ya zo har gida ya duba matar, ya kawo mata ƙwaryar nono. Shi da Baba suka zauna suka sha shayi, suka yi zancen raƙuma da farashin goro, ba wanda ya ambaci rijiya. Ina gefe raina yana ɓaci, ina cewa a zuciya, ku yi maganar mana.

Ranar Juma'a bayan salla maigari ya tara gari. Ba a kira Bugaje ba. Baba ya fara magana, ya ce a fasa simintin a buɗe gefe ɗaya, mai son ja da igiya ya ja kamar da. Aka ce igiya za ta tsinka wayar famfo, ƙazanta kuma ta koma ciki. Sai muryar Inna ta taso daga baya, ita da ban taɓa jin ta yi magana a taron maza ba.

"Malam, shekara nawa ina kora maka sa da asuba? Dubi hannuna, sai bana kantar ta hwara laushi. Jikokinka sun bar gudawa. In kun hwasa shi, ku za ku ɗauki tulu."

Baba bai juya ba. Ni kuwa na ga gaskiyarta, na ga tasa, na rasa gefen da zan zauna.

Maigari ya dube ni ya ce, "Kai ka ce mana ba ya ƙarewa. Yi mana bayani." Na tashi na yi ta zuba, rana da fano da shato da iyaka, har na shiga zancen iska da koguna ban san me ya kai ni ba. Zancen takardar ƙirga kaɗai na haɗiye. Wani ya ce in zauna haka nan.

Aka yanke cewa gari zai ɗiba daga hantsi zuwa azahar, sannan a bar shato ya tara na asuba. Tiyon kwami ba za a buɗe shi ba sai bayan la'asar. Kowa a wurin ya san abin da famfo ke bayarwa bayan la'asar ba zai shayar da garke ɗaya ba. Ba wanda ya ce a kori kowa. Maigari ya ce mai rijiya ne zai kai wa Bugaje saƙo, tunda shi ke riƙe da rabo.

Baba bai ci abincin rana ba. Ya ce kai saƙon sai da safe. Bayan sallar asuba ya ce in ɗaura amalanke in raka shi, tunda ni na iya bayani. Ban san ko zolaya ce ko da gaske yake ba, fuskarsa ba ta nuna ba.

Gonar tana da ɗan nisa. Ina kora sa ina shirya kalmomi a kaina, duk wadda na ɗauko sai in ji ba ta faɗuwa a gaban Kawu. Muna tsakiyar hanya abin ya fi ƙarfina.

"Baba, laihina ne. Da mutumin ya ce in ƙirga masu shan rijiya, ban sa su Kawu ba. Shi ya sa anka yi shato ƙarami."

Na yi fatan ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Ina zaune gabanka ranar da ka karanto takardar," in ji shi. "Gida-gida ka karanto. Na ji jakin makwabci a ciki. Kai yaro ne, jiya ka san shi. Ni shekara arba'in muna shan shayi ɗaya, ban tuna shi ba."

Muka hau jigawar da ke bakin gona.

Babu dabba ko ɗaya. An kwance bukkoki, sai da'irar inda suka tsaya da tokar murhu. Sawun garke ya miƙe gabas. Mutum ɗaya ta rage, matar Kawu, tsohuwa siririya, tana ɗaura tabarmi da turaku a kan jakuna biyu. Ta gan mu ta saki igiya ta gaishe da Baba, ya amsa, suka tambayi lafiyar juna kamar ba komai.

"Ina shi?"

"Sun tashi tun kahin asuba. Wajen Urafane za mu, akwai wata rijiya can ta igiya." Ta gyara lulluɓi, idonta a kan jaki. "Ya ce in jira ka, ya san za ka zo. Ya ce in gaya maka kar ka sa komi a ranka. Kara ne ya ƙare, dabbobi ba su da abin ci, shi ya sa."

Na dubi gonar. Fiye da rabinta karan yana tsaye da ganyensa, dabba ba ta ko shiga ba. Can gefe ga harawar wake a baje. Abincin wata biyu ne ko fiye. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗora hannu a gwiwata ya danna.

Shi ma ya dubi gonar, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali.

"Ki ce mashi na zo na gani da idona," in ji shi. "Ya ƙare."

Ya sauka daga amalanke ya kama mata igiyar, suka ja tare har kayan suka zauna daidai a bayan jakin. Ta yi mana sallama ta kora su ta bi sawun garken. Baba ya tsaya a wurin har ta sauka bayan jigawa, sannan ya ce in juya mu koma.